Kafar da Ban Rubuta Ba

Kwanan baya ina zaune a ƙofar gida bayan la'asar sai ga wasu samari uku sun shigo layinmu, ɗaya yana ta ɗaga waya yana ɗaukar hoton katangu. Suka yi sallama, ba laifi, sun iya gaisuwa. Suka ce wai za a sabunta unguwa ne, haɗin gwiwa tsakanin hukuma da wasu masu gine-gine da mu mutanen gari, a rushe abin da ya tsufa, a gyara layi, a fitar da magudanar ruwa. Na ce to madalla, da wa kuka yi shawara? Suka ce sun zauna da mai unguwa da masu gidaje. Na ce matan fa? Sai suka dubi juna, babban cikinsu ya yi irin murmushin nan da ake yi wa tsoho idan ana zaton ya fara ruɗewa, ya ce, "Baba, ai maganar gini ce." Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da su kaɗai ba, don na san murmushin nan. Ni ma na taɓa yin irinsa a wannan unguwar, da igiyar awo a hannuna.

Gumel ɗin da na tashi a cikinta ba ta san layi ba, lungu ta sani. Gidajenmu na ƙasa ne, sun jingina da juna, katangar wannan ita ce ta wancan. Tun da sassafe za ka ji guga yana bugun bakin rijiya, sai luguden taɓarya ya tashi a wani gida, na kusa ya amsa, har unguwa ta ɗauka gaba ɗaya. In hantsi ya yi, matan Fulani sun iso daga wajen Sule Tankarkar da ƙorai a ka, suna leƙa zauruka suna kiran nono. Kowace bazara, kafin ruwa ya sauka, ana gayyar yaɓe. Jakuna su yi ta jido ƙasa daga kududdufi, maza su naɗe wando su tattake ta da ciyawa, a bi gida gida ana lafta wa katanga sabuwar ƙasa, mai gidan da aka yi wa aiki ya fito da fura. Aiki ne mai wahala, ba zan yi ƙarya ba, na tsane shi ina saurayi. Amma ba a taɓa jin an ce katangar wane ta faɗi don ba shi da mai taya shi ba.

Akwai kuma wani abu da baƙo ba zai taɓa gani ba ko ya shekara yana zaga unguwar. A jikin kowace katangar da ta raba gida biyu, can bayan madafa ko kusa da rumbu, akwai wata 'yar kafa da mutum sai ya sunkuya ya karkace kafin ya wuce. Ba ƙyaure, sai dai a rataya tsohon buhu. Gefenta har sheƙi yake yi don shafar hannu. Hanyar mata ce, magidanci ba ya bin ta. Matan unguwarmu 'yan kulle ne, ba sa fita da rana, amma Innata tana iya ratsa gida bakwai ta dawo, idon namiji ko ɗaya bai gan ta ba. Ta nan ake ɗiban wuta, ta nan gishiri da kanwa suke yawo, ta nan ake rugawa idan mace ta fara naƙuda, ta nan kuma gulma take bi, don ita ma ai ba ta da wata hanyar. In ana yaɓe, maginanmu na gida sukan zagaye kafar su wuce ba tare da kowa ya ce musu komai ba.

Kafar gidanmu tana ɓullewa ne gidan Gwaggo mai daddawa. Ba ƙanwar Baba ba ce, ba mu haɗa jini ba ko ta nesa, maƙwabciya ce kawai, amma duk unguwa Gwaggo ake ce mata. Ta riga Inna zuwa aure da damina biyu, shi ya sa Inna take kiranta Yaya. Ni ɗan fari ne, a zamanin nan kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta ma doguwar magana da shi don kunya. Saboda haka tun ina tsumman goyo ta wannan kafar ake miƙa ni. Gwaggo ce ta goya ni, ita ta yaye ni, ita take cire mini ƙaya, ita take zane ni idan na yi laifi. In Inna tana da magana da ni, ko ina tsaye a gabanta, sai ta juya wajen katanga ta ɗaga murya, "Yaya, gaya wa ɗan nan naki ya rage yawo cikin rana." Daga can sai ka ji Gwaggo ta ce, "Ka dai ji, mai kunnen ƙashi." Kullum da safe kuma Gwaggo za ta sunkuyo ta kafar da kaskonta ta ɗebi garwashi a murhun Inna. Ba don ba ta da ashana ba. Sai ta zauna a kan kifaffen turmi, garwashin ya mutu a kaskon suna hira, ta sake ɗiba. Ranar da ta ɗan makara, Inna ta ɗaga buhu ke nan ta leƙa, "Yaya, lafiya?"

Sai aka yi farin nan da har yau ba na son tunawa, a shekarun da kuɗi suka koma naira. Baba dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, sai ya dawo ran Alhamis hannu rabbana ya zauna a zaure, don shanun da zai yi dillanci sun zube a hanya. Ruwan sha ma da ƙyar, balle na kwaɓa ƙasa. Majiya ƙarfi suka watse cin rani, aka yi shekaru a jere ba a yi yaɓe ba. A cikin wannan hali mijin Gwaggo ya rasu, 'yarta tilo kuma tana aure a Gagarawa, ta rage ita kaɗai a gida. Da Allah ya dawo da ruwa sai ya zo da ƙarfi, katangun da suka tsattsage suka sha suka ƙoshi, suka dinga zubewa. Rabin unguwa ya zama fili, mata suna kare tsakar gida da zana da tabarmi.

Nan ne hukuma ta zo da shiri. Ita za ta kawo siminti da kwano da abin buga bulo, mu mu kawo ruwa da hannu da yashi, wanda Allah ya hore mana har ya yi mana yawa. Sharaɗin kuwa shi ne a bi zanensu: layi miƙaƙƙe wanda mota za ta shiga, kowane gida da lambarsa da katangarsa, kuma ba mai taɓa ginin daga baya sai da izini. Aka yi zama uku a zauren mai unguwa, magidanta suka dangwala yatsa a takarda. Mun yi murna, kada in ɓoye. Jirgin ƙasa ya sauke siminti a tashar Gagarawa, manyan motoci suka kwaso shi, muka fita muna kallo kamar ranar salla. Wanda ya taɓa kwana yana tara ƙwarya a ƙarƙashin yoyo ba zai raina kwano ba. Ba shirin nake zagi ba. Abin da yake ci mini rai shi ne duk zaman nan uku, babu wanda ya tashi ya taka cikin gida ya tambayi waɗanda suke wuni a bayan katangun da za a gina.

Safiyon da aka turo daga Kano don awon fili mutumin kirki ne, amma baƙo ne, ba shi da damar shiga gidan matan aure. Sai aka ce a nemo ɗan unguwa mai ilimi wanda zai shiga ya auno katangun ciki. Ni aka nuna. Na fito daga kwalejin horon malamai ke nan, ina koyarwa a firamare, biro biyu a aljihun gaba, kaina yana ta hayaƙi, kuma ba gidan da ban ci tuwonsa ba ina yaro. Aka ba ni igiyar awo da takarda. Kwana uku ina aikin, kuma da yake zagayawa ta zaure ɓata lokaci ne, sai na riƙa bin kafofin nan daga gida zuwa gida, ina sallama ina sunkuyawa, mata suna dariya suna cewa malam ya tuna ƙuruciya. Da na gama da gidanmu, Inna ta miƙa hannu ta ɗage mini buhun na wuce.

Na tarar da Gwaggo tana wankin kalwa. Ta ajiye ta kama mini bakin igiyar, tana kallona sama da ƙasa.

"Malamin boko, riga za ka ɗinka wa katangar ne?"

"Sabuwa za a yi muku, Gwaggo, ta siminti, wadda ruwa ba ya ci."

"To madalla. In haka ne ka gaya musu su ɗan faɗaɗa mini nan," ta nuna kafar da haɓa. "Gwiwar nan tawa ta daina son sunkuyo."

Sai na yi murmushi, na ce, "Gwaggo, ai maganar gini ce, ki bar wa masu gini."

Ta ce, "Kai na bar wa."

Ban rubuta ba. Ba mantuwa na yi ba, gara ma a ce mantuwa ce. Kunya na ji. Na ga ta yaya zan kai wa safiyo ɗan birni takarda mai cewa katangun iyayena duk ɓule suke, ya ɗauka talauci ne ko ƙauyanci. A raina na ce in an yi layi mai kyau kowa ya bi layi. Na ja zane miƙaƙƙe daga kusurwa zuwa kusurwa, a gidan Gwaggo da sauran gidajen duka, na kai masa, ya yaba da tsabtar aikina, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina.

Maginan da aka kawo ba 'yan gari ba ne, takarda suke bi. Mu muna jido yashi muna buga bulo, mata kuma an killace su a ɗakuna bayan zana saboda baƙin maza, ba su ga abin da ake yi ba sai da aka gama. Unguwa ta fito tsaf, kwano yana walƙiya, mutanen wasu unguwanni suna zuwa kallo. Ranar da aka kwashe zana, Inna ta tafi bayan madafa ta tsaya. Ta shafa simintin da tafin hannu daga nan zuwa can, ta sake shafawa. Sannan ta ɗaga murya, "Yaya, kina ji na?" Muryar Gwaggo ta zo can ƙasa-ƙasa, don sabuwar katangar ta fi tsohuwar tsawo nesa ba kusa ba. Baba da aka faɗa masa sai ya ce, "Af, ai kuwa. To an riga an gama." Shi ke nan abin da maza suka ce a kan maganar, don ba wanda a cikinsu ya rasa hanyarsa.

Abin bai tsaya nan ba. Zanen ya juya ƙofar gidan Gwaggo zuwa sabon layin baya. Daga gidanmu yanzu sai ka fita zaure, ka bi layi har ƙarshe, ka wuce teburin mai shayi inda maza suke zama, ka karya kwana, ka sake tafiya. Taku uku ya zama tafiyar da mai ciwon gwiwa sai ta huta sau biyu. Gwaggo tsohuwa ce, ba kulle a kanta, da farko tana dogarowa da sanda kullum. Daga baya sai ran Juma'a. Daga baya sai in ta samu hali. Matan da suke ratso gidaje su sayi daddawarta suka daina zuwa, ba don sun ƙi ba. Inna ta rage magana, saƙonta gare ni ma ya rasa ta inda zai bi, sai dai ta faɗa wa iska ina tsaye in tsinta. Ina ganin duk wannan, ina ce wa kaina za su saba.

Wata Alhamis da kaka, Baba yana Maigatari, ni ina makaranta, Gwaggo ta ɗora kalwa da safe, ta zo miƙewa sai ta faɗi a gindin katangar nan. Inna tana ɗaya gefen tana sheƙar gero. Da a da ne, kafin hantsi ya ɗaga an leƙa, don ba ta zo ɗiban wuta ba. Yanzu kuwa rashin zuwanta ba labari ba ne. Sai bayan azahar Inna ta ji ƙaurin kalwa ta ƙone, abin da Gwaggo ba ta taɓa bari ya faru ba. Ta kira, shiru. Ta buga katanga da taɓarya, shiru. Sai ta ja mayafi ta fita ta zaure da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta tsaya a layi ba ta san inda za ta nufa ba. Matar da ta yi shekara ashirin da ɗoriya tana shiga gidan nan sau goma a wuni, sai da ta tsaya gaban maza a teburin mai shayi, fuska a rufe, ta ce, "Don Allah ina ne ƙofar gidan mai daddawa?" Ta same ta kwance cikin rana, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, leɓe ya bushe ya tsage.

Gwaggo ba ta rasu a ranar ba, amma ba ta sake magana ba. 'Yarta ta zo daga Gagarawa ta yi kwanaki, dole ta koma wa 'ya'yanta. Baba ya yarda Inna ta riƙa zuwa da asuba da kuma bayan magariba. Sai dai mai irin wannan ciwo ba sau biyu take buƙatar a juya ta ba, ba sau biyu take jin ƙishirwa ba. Ina ji Inna ta ce wa Baba, "Malam, a fasa katangar nan." Baba ya ce, "Mun dangwala yatsa, ba a taɓa ta sai da izini. Ga mai boko nan, ya je ya nemo." Na je wajen mai unguwa, ya ce in yi haƙuri, manya za su zo ganin unguwar don a yi koyi da ita, ba zai yiwu su tarar da rami a sabon gini ba, in rubuta takarda. Na zauna na rubuta takarda mai kyau, na sake kwafe ta don tawada ta ɗiga. Na aika, na zauna jira. Duk tsawon jiran nan akwai diga a jingine a zaurenmu, ragowar kayan aiki, safe da yamma sai na wuce ta. Bugu goma ya isa. Wannan ne abin da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Gwaggo ta cika wata rana da azahar, ba kowa a kanta, Inna tana wannan gefen tana jiran magariba ta yi. Amsar takardata kuwa har yau ba ta iso ba.

Katangar tana nan, ta tsage daga sama har ƙasa, daga layi ana hango ta, ita ce ma samarin nan suka fi ɗaukar hotonta, wai ta tsufa. Yanzu kowace mace da wayarta a hannu, za a ce mini ai an huta da kafa. To jikata da take zaune a gidan nan ba ta san sunan matar da take bayan katangar ba, sai da aka yi rasuwa a can muka ji a masallaci. Na so in zaunar da yaran nan in ce musu su aika mace ta shiga gidajen, ta zauna a kan turmi, ta yi shiru ta ga ta inda mutane suke bi kafin kowa ya ja zane. Amma suna sauri, wayar ɗaya tana ta kuka, kuma na san abin da mutum yake ji da kunnensa idan yana waɗannan shekarun da takarda a hannu.

Kwana bakwai da rasuwar Gwaggo, da aka watse daga sadaka, na ɗauki digar nan na shiga bayan madafa. Inna tana zaune a kan kifaffen turmin. Na ɗaga ke nan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ajiye. Wa zan je in tarar?" Na sauke. Na juya zan tafi, sai ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tun da ta haife ni. Ba ta juya wajen katanga ba, don babu mai karɓar saƙon. Ni ta yi wa magana, muryarta a kwance.

"Ranar da ka je awo gidan Yaya, ta ina ka shiga?"

Ba ta sake tambaya ba har ta bar duniya. Ba ta buƙatar amsar. Ita ce ta ɗage mini buhun.